Amanar Dukiyar Jama'a a Ranar Annoba

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya ja kwanakinmu har muka sake riskar wannan wata mai alfarma, alhali da yawa daga waɗanda muka yi azumin bara tare da su yau suna kwance a ƙarƙashin ƙasa. Tsira da amincin Allah su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, wanda mutanen garinsa suka yi wa shaidar riƙon amana tun kafin a aiko shi, da alayensa da sahabbansa da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.



Duk mai bibiyar tafsiri ya san ayoyin azumi suna cikin Suratul Baƙara, daga aya ta 183 zuwa ta 187. To, ku duba ayar da ta biyo bayansu kai tsaye, wato ta 188. A cikinta ne Allah Ya hana mu cin dukiyar juna ta hanyar ɓarna, Ya kuma hana a miƙa dukiya ga mahukunta domin a samu damar cinye haƙƙin mutane da gangan. Wannan jeri akwai hikima a cikinsa. Wanda ya iya kame bakinsa daga ruwan randarsa na halal tun daga alfijir har faɗuwar rana, shi ya fi cancanta ya kame hannunsa daga dukiyar da ba tasa ba. Saboda haka karatunmu na yau zai tsaya a kan wani nau'i na wannan ci, wanda ya fi sauran muni: cin dukiyar jama'a a ranar da annoba ta sauka, ta hanyar raba kwangilar magani da kayan asibiti tsakanin dangi da abokai.

Ba mu manta da azumin shekarar 1441 ba, wadda ta yi daidai da 2020. A ranar 19 ga watan Maris aka sanar da mutum na farko da ya kamu da cutar korona a ƙasarmu. Aka rufe masallatai, aka killace birnin Yamai, aka sa dokar hana fitar dare. Muka shiga azumi babu Juma'a, babu tarawihi a jam'i, sai a ranar 13 ga watan Mayu aka sake buɗe wuraren ibada. Mai tebur ya rasa ciniki, ɗan kabu-kabu ya rasa fasinja. Talaka a ko'ina cikin duniya ya biya nasa kason. A daidai wannan lokaci gwamnatoci suka buɗe baitulmali, suka fitar da kuɗi masu yawan gaske domin sayen takunkumi da safar hannu da rigunan kariya da abincin tallafi. Tambayar da ta rage ita ce: waɗanda aka danƙa wa makullin, yaya suka yi da amanar?

Kafin mu duba zamaninmu, mu fara da ma'auni. Imamu Malik ya kawo wani labari a cikin Muwaɗɗa, a farkon babin ƙiradi. Ƴaƴan Sayyidina Umar biyu, Abdullahi da Ubaidullahi, sun fita tare da runduna zuwa Iraƙi. A hanyar dawowa suka biya ta wurin Abu Musa Al'ash'ari, gwamnan Basra. Ya karɓe su hannu biyu, ya so ya yi musu wani alheri. Akwai kuɗin baitulmali da zai aika Madina, sai ya ba su a matsayin rance, su sayi hajar Iraƙi su sayar a Madina, su miƙa wa Halifa uwar kuɗin, riba kuwa ta zama tasu. Haka aka yi, kuma suka ci riba. Da suka kawo uwar kuɗin cif-cif, Sayyidina Umar ya yi musu tambaya guda: shin dukan rundunar aka ba irin wannan rance? Suka ce a'a. Nan take ya gane cewa an ba su ne saboda su ƴaƴan Sarkin Musulmi ne, ya umarce su su kawo uwar kuɗi da ribar baki ɗaya. Abdullahi ya yi shiru. Ubaidullahi ya kawo hujja cewa da kuɗin sun salwanta ai su za su biya. A ƙarshe wani daga cikin mazauna majalisar ya ba da shawara a mai da abin ƙiradi, baitulmali ya karɓi uwar kuɗi da rabin riba.

Ku lura da kyau, jama'a. Ko dirhami ɗaya bai ɓata ba. Ba a kawo kaya marasa kyau ba. Abu Musa sahabi ne mai daraja, yaran kuma mutanen kirki ne. Duk da haka Umar bai yarda ba, domin an buɗe musu wata ƙofa da aka rufe wa sauran Musulmi. Tambayarsa ita ce ma'aunin da za mu riƙe a yau: shin kowa aka ba wannan dama?

Yanzu mu ɗauki ma'aunin mu tafi da shi ƙasar Ingila. Da gangan na zaɓi misali daga nesa, domin kada wani ya ce malam ya shiga siyasa, da wane yake. Na kuma zaɓe shi domin magana ce da ta je gaban alƙali aka yanke hukunci, ba jita-jitar bakin kasuwa ba ce.

Da korona ta shiga Ingila, kayan kariya suka yi ƙaranci, har aka ga hotunan ma'aikatan jinya sanye da ledar zuba shara a maimakon rigar aiki. Gwamnati ta jingine dokar gasa, wadda ta ce a yi shela kowane ɗan kasuwa ya kawo farashinsa, ta koma ba da kwangila hannu da hannu. Dokarsu ta yarda da haka idan akwai matsananciyar gaggawa. Amma sai aka ƙara wani abu: aka buɗe layi na musamman, wanda za mu iya kira layin manya, domin kamfanonin da ministoci da ƴan majalisa da manyan ma'aikata suka gabatar. A watan Nuwamba na 2020 ofishin babban mai binciken kuɗi na ƙasar ya fitar da rahoto. Ya nuna cewa zuwa ƙarshen watan Yuli an ba da kwangilar da ta haura fam miliyar 10, wato miliyan dubu goma, ba tare da gasa ba. Ya kuma nuna cewa cikin kamfanoni 493 da suka bi layin manya, 47 sun samu kwangila, kusan ɗaya cikin goma ke nan. Cikin kusan 15,000 da suka bi layin kowa da kowa, 104 kaɗai suka samu, ko ɗaya cikin ɗari ba su kai ba. Wanda ya san wani babba ya fi wanda bai san kowa ba samun shiga har ninki goma.

Me ya biyo baya? Wani kamfani da ya bi wannan layi ya kawo takunkumi miliyan 50 waɗanda asibitocin gwamnati ba su iya amfani da su ba, saboda maɗaurinsu na kunne ne, alhali na zagaye kai ake bukata. Wani kamfanin kuma, mai suna PPE Medpro, an kafa shi ne a watan Mayu na 2020, cikin ƴan makonni ya samu kwangilar da ta haura fam miliyan 200. Wadda ta gabatar da shi ga ministoci ita ce Michelle Mone, ƴar majalisar dattawan ƙasar daga jam'iyya mai mulki a lokacin. Ta daɗe tana musanta cewa tana da alaƙa da kamfanin. A watan Disamba na 2023 ta fito da bakinta ta amsa cewa ba ta faɗa wa ƴan jarida gaskiya ba, kuma ita da iyalinta suna cikin masu amfana da ribar da mijinta ya samu. Hausawa sun ce ramin ƙarya ƙurarre ne.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda doka ta bi sawu. Wata ƙungiyar masu fafutukar bin doka mai suna Good Law Project ta kai gwamnati ƙara. A watan Fabrairu na 2021 Babbar Kotu ta yanke cewa ministan lafiya, Matt Hancock, ya saɓa doka domin bai wallafa bayanan kwangilolin cikin kwana 30 da aka ƙayyade ba. A watan Janairu na 2022 kotun ta yanke cewa layin manya ya saɓa wa ƙa'idar daidaita masu nema, ko da yake ta ce kamfanoni biyun da aka yi ƙarar a kansu da alama za su iya samun kwangilar ko ba ta wannan layi ba. Sannan a ranar 1 ga watan Oktoba na 2025 kotu ta umarci PPE Medpro ya mayar da kusan fam miliyan 122, abin da ya kai wajen sefa miliyar 90, saboda rigunan tiyata miliyan 25 da ya kawo ba a tabbatar da tsarkinsu daga ƙwayoyin cuta yadda yarjejeniya ta shardanta ba. Adalci ya sa mu faɗa cewa wannan hukunci na saɓa yarjejeniya ne, kuma matar da mijinta suna musanta aikata laifi. Sai dai kwana ɗaya kafin hukuncin kamfanin ya nemi a ayyana shi a matsayin wanda ya karye, wa'adin biya kuma ya wuce ba a biya ba. Sai bayan shekara biyar da ba da kwangilar aka samu hukunci, kuɗi kuwa suka yi nisa. Wannan ya nuna mana cewa rigakafi ya fi magani: toshe ƙofar tun farko ya fi bin sawun abin da ya riga ya fita.

Kada wani ya ɗauka ciwon na Turawa ne kaɗai. A Senegal, ƙasar da muke kashe sefa iri ɗaya da ita, an kafa asusun yaƙi da korona na miliyar 1,000. A watan Disamba na 2022 kotun binciken kuɗin gwamnati ta fitar da rahoton da ya nuna an ƙara farashin kaya, har da shinkafar tallafi, ta kuma nemi a gurfanar da wasu jami'ai. A 2025 aka miƙa wasu tsofaffin ministoci ga kotun da ke shari'ar manyan masu mulki. Ciwo ne na zuciyar ɗan Adam, duk inda kuɗi suka yi yawa ido kuma ya yi kaɗan.

Mu ma a nan mun san abin da kaya marasa inganci suke haifarwa. A shekarar 1995, lokacin annobar sanƙarau, an yi wa dubban mutane a ƙasarmu allurar rigakafi wadda daga baya aka gano ta jabu ce. Uwa ta goya ɗanta, ta yi tafiya a rana, ta bi layi, ta koma gida hankalinta kwance tana zaton ta kare shi, alhali babu magani a cikin abin da aka tsira masa. Saboda haka duk wanda ya sa hannu a takarda ya karɓi kayan asibiti bai bincika ba, domin mai kayan nasa ne, ya sani da rayukan mutane yake caca.

To, masu wannan aiki suna da uzurori guda huɗu, bari mu auna su ɗaya bayan ɗaya.

Na farko su ce ai gaggawa ce, mutane na mutuwa, babu lokacin bin ƙa'ida. Gaskiya ne shari'a ta san lalura, har ta halatta wa wanda yunwa za ta kashe ya ci mushe. Amma malaman fiƙihu sun yi wa lalura iyaka: gwargwadon abin da zai tsare rai ake ɗauka. Gaggawa tana iya halatta a taƙaita kwanakin shela, a sayi kaya yau a maimakon wata mai zuwa. Ina ruwan gaggawa da zaɓen surukinka? Ina ruwanta da ninka farashi, ko ɓoye takarda? Rubuta suna da adadi da farashi ba ya cin sa'a guda. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. A shekara ta 18 bayan hijira, da fari ya tsananta a Madina, shekarar da ake kira ta toka, Sayyidina Umar ya naɗa mutane a kan rabon abinci, suna taruwa wurinsa da maraice suna ba shi bayanin abin da suka yi. Shi kansa ya haramta wa bakinsa man shanu har launin jikinsa ya sauya. A wurinsa tsanani dalili ne na ƙara sa ido.

Na biyu su ce ai zumunci ne, naka sai naka. Zumunci wajibi ne, amma da dukiyarka ake sada shi. Ka ba ƙanenka daga albashinka, daga gonarka, daga garkenka, Allah Ya ba ka lada. Baitulmali kuwa akwai haƙƙin maraya na Tanut a ciki, akwai na tsohuwa a Dakwaro, akwai na jaririn da ba a haifa ba. Aya ta 135 a Suratun Nisa'i ta umarce mu da tsayuwa a kan adalci ko da a kan kanmu ne ko iyaye ko dangi mafi kusa. Annabi Yusufu, da ya nemi a ɗora shi a kan taskokin Masar gabanin shekarun yunwa, siffa biyu ya ambata, tsarewa da sani. Idan ɗan uwanka yana da su, ya bi layin da kowa yake bi, kai kuma ka janye hannunka daga zaɓen, ka sanar da abokan aikinka dangantakar da ke tsakaninku.

Na uku su ce ai ban roƙa ba, kyauta ce ɗan kwangila ya kawo. Wannan an riga an yanke hukuncinsa tun zamanin Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama. Ya aiki wani mutum da ake kira Ibnul Lutbiyya karɓar zakka. Da ya dawo sai ya ware wani kaso ya ce wannan shi aka ba kyauta. Annabi ya hau mumbari ya nuna cewa da mutumin ya zauna a gidan iyayensa, da ya gani ko kyautar za ta iske shi, ya kuma yi gargaɗi cewa duk wanda ya ɗauki wani abu ta wannan hanya zai zo da shi a wuyansa ranar alƙiyama. Kujerar ake ba, ba kai ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta cikin ƙasarmu ta yau, ya lissafa irin wannan gaisuwa da ake kai wa masu mulki cikin abubuwan da ya soka a littafinsa Kitabul Farƙi. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski: ranar da ɗan kwangila ya kawo jabu, bakin da ya ci ba zai iya cewa a mayar ba.

Na huɗu shi ne wanda mu talakawa muke taya su faɗa: a bar wa Allah, tonon asiri ba kyau. Lalle Allah zai yi hisabi, amma Shi ne kuma Ya wajabta a tsayar da hukunci a duniya. Da wata mata daga babban gidan Banu Makhzum ta yi sata, Ƙuraishawa suka tura Usamatu ɗan Zaidu ya nema mata sassauci. Fuskar Annabi ta sauya, ya bayyana cewa abin da ya halaka al'ummomin farko shi ne ƙyale babba idan ya yi sata da hukunta mai rauni, ya kuma yi rantsuwa cewa ko ƴarsa ce ba zai ɗaga mata ba. Sayyidina Umar yakan rubuta abin da gwamna ya mallaka ranar naɗa shi, idan ya ga ƙari mai shakka ya raba ya mai da rabi baitulmali, kuma yana da mai bincike, Muhammadu ɗan Maslama, wanda yake aikawa garuruwa. Don haka mai binciken kuɗi da alƙali da ɗan jaridar da ya tabbatar da labarinsa, aikin da Umar ya sunnanta suke yi. Suturta Musulmi tana cikin zunubin da ke tsakaninsa da Ubangijinsa. Haƙƙin jama'a kuwa, ɓoye shaida a kansa zunubi ne, kamar yadda aya ta 283 a Suratul Baƙara ta nuna. Sharaɗi dai shi ne a yi magana da hujja, a kai ta inda doka ta tanada. Yaɗa zargi a WhatsApp ba tare da tabbaci ba ƙazafi ne, shi ma yana cinye ladan azumi.

Wannan tsayuwa tana da tsada, ba zan ɓoye muku ba. A Afirka ta Kudu wata jami'ar kuɗi a ma'aikatar lafiya ta lardin Gauteng, Babita Deokaran, wadda take ba masu binciken kwangilolin korona shaida, an harbe ta a ƙofar gidanta a watan Agusta na 2021, bayan ta kai ƴarta makaranta. Saboda haka wajibi ne hukuma ta kare mai ba da shaida, jama'a kuma kada su bar shi shi kaɗai.

Yanzu nasiha ga kowa da nasa. Kai ma'aikaci mai sa hannu, annoba ba ta sallama kafin ta shigo, sanƙarau yana zuwa da zafin bazara, amai da gudawa suna zuwa da damina. Ka shirya jerin amintattun ƴan kasuwa tun ana zaman lafiya, ka rubuta komai, ka yarda a manna shi inda kowa zai karanta. Kai ɗan kasuwa, wanda bai taɓa sayar da ko ƙwayar magani ba, kada ka karɓi aikin da ba ka iya ba don kana da hanya. Ku iyaye da mata da ƴan uwa, ku ji tsoron Allah game da naku da aka ba muƙami. Sau da yawa mu ne muke tura shi, muna ce masa wane ya gina bene kai kana nan. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ku alƙalai, hukuncin da ya tsaya a kan ɓarawon akuya ya tsallake ɓarawon miliyoyi, shi ne abin da Annabi ya ce ya halaka na farko. Mu kuma malamai, kada mu karɓi kujerar Makka ko siminti na masallaci daga hannun da muka san abin da ya taɓa, sannan mu yi shiru. Allah mai tsarki ne, ba Ya karɓar sadaka daga dukiyar ha'inci.

Wanda kuma ya san hannunsa ya taɓa irin wannan dukiya, ƙofar tuba a buɗe take, kuma babu lokacin da ya fi wannan wata. Amma ya sani, tuba daga haƙƙin bayi ba ta cika sai an mayar. Umara a goman ƙarshe ba ta wanke shi, raba buhunan shinkafa a ƙofar gida ba ya wanke shi. Ka tuna da hadimin nan da kibiya ta kashe bayan yaƙin Khaibara, mutane suna yi masa barka da Aljanna, Annabi ya sanar da su cewa mayafin da ya ɗauka daga ganima kafin a raba yana ci da wuta a kansa. Mayafi guda ke nan. To, ina ga wanda ya ci kuɗin iskar numfashi ta marasa lafiya? Ka lissafa abin da ka ɗauka, ka mai da shi baitulmali, ka nemi malami mai tsoron Allah ya nuna maka hanya, tun kana da numfashin yin haka.

Ya Allah, Ka tsare ƙasarmu da sauran ƙasashen duniya daga annoba da fari da fitina. Ka ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ka jiƙan waɗanda suka riga mu. Ka saka wa likitoci da ma'aikatan jinya da alheri. Ka ba shugabanninmu mashawarta na gari, Ka ba alƙalanmu ƙarfin zuciya, Ka wadatar da mu da halal. Ka ba mu damina mai albarka, Ka karɓi azuminmu da tsayuwarmu, Ka sa mu cikin ƴantattun wannan wata. Sai gobe idan Allah Ya kai mu.